Dandalin Cikano: Tarihin Bikin Da Aka Haifa A Ƙarƙashin Gada



Gabatarwa

A iya sanina, ƙarƙashin gadar sama wuri ne na masu faci da masu jiran mota da zarnin fitsari, wurin da mutum ke wucewa da sauri yana toshe hanci. Don haka da wani abokin karatuna ɗan asalin Meziko ya ce in shirya ranar Asabar za mu je biki a ƙarƙashin gada, na ɗauka zolaya ce. Wannan ya faru ne a wani watan Afrilu a birnin San Diego, can kudancin jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, inda daga nan zuwa iyakar Meziko bai fi tafiyar rabin awa a mota ba.

Tun kafin mu iso muka fara jin kiɗan ganga. Da muka shiga sai na ga ginshiƙan gadar, waɗanda kowanne ya fi bene mai hawa uku tsawo, an zane su da fenti tun daga ƙasa har inda ido ke iya kaiwa. Ga fuskokin manoma, ga mahaya dawakai, ga gaggafa da maciji, ga mace ta goya ɗa. A tsakiyar fili masu rawa sun yi da'ira, kansu da gashin tsuntsu, ƙafafunsu da wani abu mai kama da akayau amma na ƙwaryar 'ya'yan itace, hayaƙin turare na tashi. A gefe guda an jera tsofaffin motoci masu sheƙi, wata tana tsalle da ƙafafun gaba kamar dokin da aka ja wa linzami ranar hawan sallah. Mata na sayar da wani abinci na ƙullun masara da ake turarawa a cikin ɓawon masara, kamar dai yadda ake alala a ganye. Sai da na tabbatar babu alade a ciki sannan na ci, kuma na ƙara. Duk wannan ana yi, motoci na ta wucewa a saman kanmu.

Tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce: me ya sa sai nan? Birnin na da manyan wuraren shaƙatawa da bakin teku. Abokin nawa ya nuna mini babban titin da ke gefe, ya ce gidan kakarsa na ƙarƙashin kwaltar nan. Daga wannan magana na shiga bin diddigin tarihin wurin, kuma abin da na samo ne nake son in kawo wa mai karatu a yau.

Su wane ne mutanen?

Kafin mu yi nisa ya kamata mu warware sunaye, domin suna rikita baƙo. A Amurka ana kiran mutanen da asalinsu ya fito daga ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci da sunan Hisfanik. Ana kuma cewa Latino, wato wanda asalinsa ya fito daga Latin Amurka, har da Birazil wadda harshenta na Fotugal ne. A ƙidayar shekarar 1980 ce gwamnati ta fara tambayar kowane gida ko shi Hisfanik ne, a ta 2000 kuma aka ƙara kalmar Latino. Ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 62, kusan kashi 19 cikin ɗari na mutanen ƙasar ke nan.

To amma mutanen wannan unguwa ba su zaɓi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Su sunan da suka ɗauka shi ne Chicano, wanda a bakin Bahaushe zai fito Cikano. Da can kalmar raini ce da ake jifan talakawa 'yan asalin Meziko da ita. A shekarun 1960 sai matasansu suka ɗauke ta suka mayar da ita kirari. Shi ya sa sunan wurin Chicano Park, ni kuwa zan riƙa ce masa Dandalin Cikano.

Wannan ƙasa asalinta ta ƙabilar Kumeyaay ce. Sifaniyawa suka kafa mishan da sansanin soja a San Diego a 1769. Da Meziko ta sami 'yancin kai a 1821 sai yankin ya zama nata. Bayan yaƙin da aka gwabza tsakaninta da Amurka daga 1846 zuwa 1848, aka sa hannu a yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo, inda Meziko ta rasa kusan rabin ƙasarta, har da Kalifoniya, aka biya ta dala miliyan 15. Mutanen da ke zaune a wurin, kusan a ce sun kwana 'yan Meziko ne suka wayi gari a Amurka.

Sai dai gaskiyar tarihi ita ce, yawancin mazauna unguwar da muke magana a kai daga baya suka zo. Juyin juya halin da ya ɓarke a Meziko a 1910 ya koro dubban iyalai zuwa arewa. Da yawansu suka yada zango a Logan Heights, kusa da gaɓar ruwa, domin nan ne aiki yake: mata a masana'antun zuba kifi a gwangwani, maza a jiragen kamun kifi da wuraren katako da tashar jiragen ruwa. Ɓangaren da ke bakin ruwa shi ne daga baya aka sani da Barrio Logan. Barrio a harshensu na nufin unguwa. Zuwa shekarun 1940 ta zama ɗaya daga cikin manyan unguwannin 'yan asalin Meziko a gaɓar yammacin Amurka, ana ƙiyasta mazaunanta da kimanin 20,000.

Ba su kuma kasance mutanen da ba su san neman haƙƙi ba. A 1931, a wani ƙaramin gari mai suna Lemon Grove kusa da San Diego, hukumar makaranta ta ware 'ya'yan 'yan Meziko ta tura su wani gini daban. Iyayen suka hana yaran zuwa, suka kai ƙara, suka kuma yi nasara a kotu. Wannan ya faru ne shekara 23 kafin shahararren hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1954 da ya haramta wariya a makarantu. A cikin shekarun 1930 ɗin ne kuma, lokacin karayar tattalin arziki, aka tisa ƙeyar dubban ɗaruruwan mutane zuwa Meziko daga sassan Amurka, da yawansu kuwa haifaffun Amurka ne.

Yadda aka daddatsa unguwa

Ba a rana ɗaya aka kassara Barrio Logan ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu rundunar sojan ruwa da kamfanonin ƙera jirage suka mamaye gaɓar ruwan, yaran da suka saba wanka a bakin teku suka tarar da shinge. A shekarun 1950 hukumar birni ta sauya dokar amfani da filaye, ta ba da damar kafa masana'antu a tsakiyar gidajen jama'a. Nan da nan wuraren tara gwangwanin tsofaffin motoci suka cika unguwar, har ya zama mutum na buɗe tagarsa sai ya yi ido huɗu da tulin ƙarafa. A farkon shekarun 1960 aka shimfiɗa babban titi mai lamba 5, wanda ya raba unguwar biyu, ya bi ta kan gidaje masu yawa. Ba a gama jinyar wannan ba sai ga gadar Coronado, mai tsawon fiye da kilomita 3, wadda aka ɗaga ta sama sosai domin jiragen yaƙi su riƙa wucewa ta ƙarƙashi. An buɗe ta a watan Agusta na 1969, kuma gwamnan Kalifoniya na lokacin, Ronald Reagan, ya halarci bikin. Gadar ta haɗa birnin da Coronado, yankin masu hali da sojan ruwa, amma ƙafafunta a kan unguwar talakawa aka dasa su. Zuwa 1979 mazauna unguwar sun ragu zuwa kimanin 5,000.

A cikin wannan hali mutanen suka roƙi abu guda: tunda an ci gidajensu, a bar musu filin da ya rage a ƙarƙashin gadar su yi wurin wasan yara. Jami'an birni suka nuna amincewa. Mutane suka koma gida suna jira.

Kwana goma sha biyu

Ranar 22 ga Afrilu, 1970, wani ɗalibin kwaleji mai suna Mario Solis yana wucewa sai ya ga katafila na aiki a filin. Ya tambayi ma'aikatan, sai ya ji ashe ba wurin wasa ake ginawa ba, ofishi da wurin ajiye motoci ne na 'yan sandan sintirin manyan hanyoyi na jihar. Ga mutanen da dangantakarsu da 'yan sanda ta daɗe da tsami, wannan ya zama an bugi mutum an hana shi kuka.

Solis ya bi gida-gida, ya shiga azuzuwan kwalejinsu yana shela. Kafin rana ta yi tsaka ɗalibai da iyaye mata da tsofaffi da yara sun cika filin, sun riƙe hannun juna sun kewaye katafilolin. Aiki ya tsaya. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne abin da suka yi bayan haka. Ba su tsaya ga ihu da ɗaga kwalaye ba. Gida suka koma suka ɗauko shebur da diga da manjagara, suka fara share filin suna shuka furanni da wata ƙaya mai faffaɗan ganye da suke kira nopal, wadda ke jikin tutar Meziko. Suka ɗaga tutarsu a jikin turken waya. Wato wurin da aka yi musu alkawari aka saɓa, sai suka fara gina shi da hannunsu a gaban idon hukuma. Abin mamaki, ranar ta zo daidai da ranar da aka fara bikin Ranar Duniya ta kare muhalli a Amurka.

Kwana goma sha biyu suka yi a wurin, mata na dafa abinci suna kawowa, magoya baya na zuwa daga Los Angeles da wasu garuruwa. Aka kafa kwamitin da zai yi magana da yawun jama'a, wanda har yau shi ke kula da dandalin da shirya bikin. Cikin waɗanda tarihi ya riƙe sunayensu akwai Josephine Talamantez da Tommie Camarillo da Laura Rodriguez, dukansu mata. Wani baƙar fata ɗan majalisar birni, Leon Williams, ya shiga tsakani. A ƙarshe birni ya amince ya karɓi filin daga hannun jiha domin a yi dandali. An fara da ɗan fili da bai kai eka 2 ba, a hankali ya faɗaɗa ya haura eka 7. A 1971 aka yi bikin farko na tunawa da ranar, kuma daga nan ya zama al'ada duk shekara a Asabar ɗin da ke kusa da 22 ga Afrilu.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya faɗo ne daga sama. Lokaci ne da 'yan asalin Meziko ke motsi a ko'ina. A 1965 leburorin gonakin inabi sun fara yajin aiki a Delano, inda sunayen Cesar Chavez da Dolores Huerta suka fito. A 1968 dubban ɗaliban sakandare sun fice daga azuzuwa a gabashin Los Angeles don nuna ƙin irin ilimin da ake ba su. A watan Agusta na 1970 kuma, a wajen zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam a Los Angeles, aka kashe ɗan jarida Ruben Salazar. A kakar wannan shekara ce mutanen Barrio Logan suka sake mamaye wani tsohon gini a unguwar, suka mayar da shi asibitin talakawa, Laura Rodriguez na kan gaba.

Ginshiƙai sun zama littafi

An samu fili, amma ginshiƙan siminti na nan tsaye a tsakiyarsa, furfura-furfura, kamar a ce kullum ana tuna wa mutane wanda ya fi ƙarfi. Wani mai zane ɗan unguwar, Salvador Torres, wanda gidan da ya taso a ciki na cikin waɗanda aka rushe, shi ne ya daɗe yana cewa a mayar da su allon zane. Ba daga kansa tunanin ya faro ba. Bayan juyin juya halin Meziko, a shekarun 1920, ministan ilimi José Vasconcelos ya ba masu zane bangayen gine-ginen gwamnati domin su zana tarihin ƙasa ga talakawan da yawancinsu ba su iya karatu ba. Daga nan aka sami manyan gwanaye uku: Diego Rivera da José Clemente Orozco da David Alfaro Siqueiros. Bambancin shi ne, a Meziko gwamnati ce ta kira masu zane ta biya su, a Barrio Logan kuwa sai da aka yi shekara uku ana kai-kawo kafin a sami izini.

A watan Maris na 1973 aka fara shafa fenti. Zanen farko-farko na gayya ne, ƙwararre da ɗan koyo da yaro kowa ya kama buroshi. Daga baya ƙungiyoyin masu zane suka riƙa zuwa daga Sacramento da Los Angeles da sauran wurare, mata ma suka karɓi nasu ginshiƙan. A 1977 aka kammala rumfar da ke tsakiyar fili, mai siffar ɗakunan ibadar mutanen Maya na da, inda makaɗa ke hawa ranar biki. Zane-zanen sun haura tamanin, kuma ana lissafa wurin cikin mafi girman tarin zanen bango na fili a Amurka.

Na yi awanni ina zagayawa. Ga Emiliano Zapata, jagoran manoma a juyin juya hali. Ga Frida Kahlo. Ga Cesar Chavez da tutar leburorin gona. Ga gumakan Aztek na da can, ga hoton Maryamu ta Guadalupe da Katolikan Meziko ke girmamawa. Ba aƙidata ba ce, amma na fahimci abin da ake nufi: duk abin da littafin makaranta ya tsallake, an ɗauko shi an kafa a inda yaro zai gani kullum a hanyarsa ta zuwa makarantar. Akwai zanen da ke ba da labarin kwana goma sha biyun nan, akwai wanda ke cewa a bar unguwa a kwashe gwangwanin motoci. Har motocin nan masu tsalle na da nasu tarihin. A ƙarshen shekarun 1950 Kalifoniya ta haramta motar da aka sauke ta ƙasa sosai, sai matasan Cikano suka sa mata na'urar da ke ɗaga ta idan an hango ɗan sanda, a sauke idan ya wuce. Sai a farkon 2024 aka soke wannan doka.

Watan gwamnati da ranar unguwa

Amurka na da lokacin da ta ware a hukumance don karrama waɗannan mutane. A 1968 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar mako guda, a 1988 kuma aka mayar da shi wata, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba. An zaɓi 15 ga Satumba ne saboda ranar 'yancin ƙasashe biyar ce: Kosta Rika da Salbado da Gwatamala da Honduras da Nikaragwa, Meziko na bi a ranar 16, Cile a ranar 18. Shugaban da ya sa hannu a dokar 1988 kuwa shi ne Ronald Reagan, mutumin da ya buɗe gadar nan yana gwamna.

Ba na raina wannan wata. Makarantu da ɗakunan karatu na amfani da shi wajen koyar da abubuwa masu amfani. Sai dai na lura da bambanci. A cikin watan, akan haɗa ɗan Kyuba da ɗan Ajantina da ɗan Meziko a tukunya ɗaya, a yi kiɗa a ci abinci a watse, ba a cika tambayar me ya kawo kowa ba. Bikin Afrilu kuwa yana da rana da wuri da dalili. Ba za ka ci abincin ba tare da ka ji ƙarar motoci a saman kanka ba, kuma duk yaron da ya tambayi me ya sa ake taruwa a nan, dole a ba shi labarin katafila.

Ko fenti na iya riƙe ƙasa?

Wannan ita ce tambayar da na dawo da ita. Ta wani ɓangare amsar ita ce e. A shekarun 1990, bayan girgizar ƙasa ta rusa wasu gadoji a Kalifoniya, hukuma ta so ƙarfafa ginshiƙan ta hanyar da za ta lalata zane-zanen. Jama'a suka tashi, aka nemo wata hanyar da ta bar su. A 2013 aka sa dandalin a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, a ƙarshen 2016 aka ɗaga darajarsa zuwa wurin tarihi na ƙasa baki ɗaya. A 2022 aka buɗe gidan tarihi a gefensa, a cikin ginin da ke da alaƙa da shirin 'yan sandan nan na 1970.

Ta wani ɓangaren kuwa da sauran rina a kaba. A 2013 majalisar birni ta amince da tsarin raba gidaje da masana'antu a unguwar, amma masu harkar jiragen ruwa suka yaƙe shi, aka kai shi ƙuri'ar dukan birni a 2014, aka kayar da shi. Sai a ƙarshen 2021 aka amince da wani sabo. Unguwar ta daɗe tana cikin masu fama da gurɓatar iska da cutar asma a yankin. Sannan ga wata matsala mai wuyar sha'ani: zane-zanen da suka ceci unguwar su ne suka sa ta yi suna, suna ya jawo shagunan shan gahawa da ɗakunan baje zane, kuɗin haya ya tashi. Abokina da kansa ba a unguwar yake zaune ba, daga nesa yake tuƙo mota ya zo biki. Abin tsoron shi ne wata rana a wayi gari fuskokin kakanni na nan a jikin ginshiƙai, jikokin kuwa sun tashi.

Kammalawa

Da yamma, muna shirin tafiya, na ga wani dattijo ya ɗora jikarsa a kafaɗa yana nuna mata wani ginshiƙi da yatsa, yana magana a hankali, ita kuma tana ta jero tambayoyi. Ban ji Sifaniyanci ba, amma na san abin da ake yi, domin haka kakata take mana da dare a tsakar gida.

Mu da muke rubuta labarai da masu karanta su, ina ganin akwai abin dubawa a nan. Waɗannan mutane ba su da kuɗi, ba su da kujera a majalisa. Abin da suke da shi shi ne shebur da buroshi da kuma naci, sai suka rubuta abin da ya same su a daidai wurin da ya same su, suka sa masa rana, suka riƙa dawowa duk shekara fiye da shekara hamsin. Ko a 2020 da annobar korona ta hana taron cika shekara hamsin, ba a bar al'adar ta mutu ba, da aka samu sauƙi aka koma fili.

A nan zan dakata. Kuskuren da ke ciki nawa ne, wanda ya gani ya gyara mini. Allah Ya sa mu dace.